SHAFIN INTANET MA YANA SON YASA KAMAR TUR'A

Duk wanda ya taɓa aiki a hawasha a Jazira ya san ruwan da ke shiga gona ba shi kaɗai yake tafe ba. Daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da kogin Nilul Azrak ya cika ya gangaro daga duwatsun Habasha, ruwan nan ja wur yake zuwa saboda laka. Lakar ta kwanta a cikin tur'a, ciyawa ta tsiro a kanta, in aka yi sake sai a wayi gari ruwa ya kasa kaiwa ƙarshen Abu Ishirin, wanda gonarsa ke can ƙurya ya zauna yana kallon audugarsa tana bushewa. Shi ya sa tun da aka gama madatsar Sannar a 1925 aka fara ban ruwa, aikin yasar tur'a bai taɓa ƙarewa ba. An yashe bara, sai an yashe bana, kuma sai an sake baɗi.

Mun kawo wannan misali ne saboda wani sabon abu da ya shigo hannun matasanmu, wanda shi ma haka halinsa yake, wato shafin intanet. Wasu ƙungiyoyinmu na ƙauyuka da makarantu sun buɗe shafuka, sun zuba tarihi da hotuna da sanarwa a ciki, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa manhajar da ke riƙe da shafin tana bukatar a riƙa sabunta ta a kai a kai. Mun koyi wannan darasi da tsada, don haka muka ga ya kamata mu sanar da 'yan'uwa.

ABIN DA YA SAME MU

Akwai wani shafi da matasan wani ƙauyenmu suka kafa shekarun baya, muna daga cikin waɗanda suka taimaka wajen tara kayan cikinsa. An bi gida gida an ɗauki hoton tsofaffin wasiƙu na ajami, an naɗi muryar dattawa suna ba da labarin yadda kakanninsu suka baro Sakkwato da Kano da Haɗeja da niyyar hajji, wasu kuma suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, har aka kafa garin Maiwurno a kudu da Sannar. Bayan rikicin da ya auku a jihar Nilul Azrak a 2022, inda gidaje da yawa suka ƙone a yankin Rusairis da Wad al-Mahi, sai muka ƙara ƙaimi, domin mun ga takarda ba ta da tabbas. Muka ɗauka abin da aka sa a intanet wuta ba ta cin sa.

Sai yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023. A Disamba na wannan shekara dakarun Da'amus Sari' suka shiga Wad Madani, jama'a suka watse, a Fabrairu na 2024 kuma layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke gaba ɗaya. Yaron da ke kula da shafin ya yi gudun hijira da iyayensa, wanda ke neman abin da zai sa a baka kuwa ba ya tuna wani shafi. Bayan sojoji sun karɓe Madani a ranar 11 ga Janairu, 2025, shabaka ta fara dawowa, sai ya buɗe shafin. Abin da ya tarar shi ne tallar caca cikin wani harshe da ba mu san shi ba. Ya gwada kalmar sirrinsa, ta ƙi buɗewa.

Da labari ya kai wa wani dattijo da aka naɗi muryar yayansa kafin ya rasu, sai ya kira yaron ya ce masa, "Ɗana, wa muka yi wa laifi har ya bi mu can ya ɓata mana kaya?"

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba mu yi wa kowa laifi ba. Wanda ya shiga bai ma san da mu ba. Ƙofa ya tarar a buɗe."

Gaskiya ya faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah Ya sa wani ɗan'uwa da ke zaune a Bur Sudan yana da kwafin shafin a filashi tun na ƙarshen 2022, da shi aka sake tayar da komai. Amma duk abin da aka ƙara bayan nan ya tafi, har da muryar dattawa biyu waɗanda yanzu ba su da rai.

MECE CE UWAR MANHAJA?

Domin mai karatu ya fahimci inda tsagar take, bari mu bayyana yadda aka gina irin waɗannan shafuka. A da, sai wanda ya iya rubutun kwamfuta ne ke iya kafa shafi. Daga baya aka ƙirƙiro manhajoji masu sarrafa abin da ke cikin shafi, yadda ko malamin makaranta zai iya shiga ya rubuta sanarwa ya sa hoto kamar yana rubuta wasiƙa. Fitattu daga cikinsu uku ne: Drupal wadda wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Dries Buytaert ya fitar a 2001, da WordPress wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, da kuma Joomla ta 2005. Duka kyauta ake ba da su. WordPress ce ta fi yaɗuwa, domin fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke, kuma ita ce ke riƙe da namu.

Shafi irin wannan kashi huɗu ne. Na farko ita ce uwar manhaja, wato ainihin injin da ke karɓar umarni, ya tantance mai shiga, ya jera rubutu. Na biyu ita ce riga, wato fasali da launin da baƙo ke gani. Na uku su ne 'yan ƙananan manhajoji na ƙari da ake kira fulogin, kamar mai kunna murya ko mai jera hotuna. Na huɗu shi ne rumbun bayanai, inda rubutu da sunayen masu shiga suke ajiye. Duk waɗannan ba a cikin wayar mai shafi suke ba, suna kan wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda wani kamfani mai ba da masauki ke haya da ita, sau da yawa a wata ƙasa.

Uwar manhaja mutane ne suka rubuta ta, aikin ɗan'adam kuwa ba ya rasa kuskure. Idan aka gano wata kafa da ɓarawo zai iya bi, sai masu manhajar su toshe ta su fitar da sabon zubi. Sabuntawa ita ce a cire tsofaffin fayilolin injin a sa sababbi, ba tare da an taɓa rubutu da hotunan mai shafi ba. A WordPress lambar zubi tana nuna girman canji. Daga 6.4 zuwa 6.5 babban canji ne mai zuwa da sababbin abubuwa. Daga 6.4.2 zuwa 6.4.3 kuwa ƙarami ne, gyaran kuskure ne da toshe kafa. Abin lura a nan shi ne, tsakanin faɗuwar Madani da karɓo ta, WordPress ta fitar da manyan zubi har uku, wato 6.5 a Afrilu, da 6.6 a Yuli, da 6.7 a Nuwamba na 2024, ban da ƙananan da suka zo don tsaro. Duk sun wuce mu muna can muna gudun tsira da rai.

RANAR GYARA ITA CE RANAR HAƊARI

Wani zai ce, ai shafina yana aiki lafiya lau, me zai sa in taɓa shi? Amsar ita ce, ranar da aka fitar da gyara, a ranar ne duniya ta san inda kafar take. Masu kutse sukan ɗauki sabon zubi su gwada shi da tsoho, su ga abin da aka canza, nan take sun gane inda rauni yake. Daga nan sai su saki wata manhaja mai yawo da kanta, tana bin shafuka dubu dubbai dare da rana tana ƙwanƙwasa ƙofa. Ba ruwanta da ko shafin banki ne ko na makarantar allo. Wanda ta samu bai sabunta ba, ta shige. Abin da suke so shi ne su maƙala tallarsu, ko su yi amfani da shafin wajen aika wasiƙun damfara, ko su harbi wayar masu ziyara.

Ga misalai biyu da suka faru a idon duniya. A ranar 15 ga Oktoba, 2014, masu kula da tsaron Drupal suka fitar da gyaran wata babbar kafa. Bayan mako biyu suka sake sanarwa cewa duk shafin da bai sa gyaran ba cikin awa 7 da fitowarsa, to mai shi ya ɗauka kawai an riga an shige shi. Awa bakwai, jama'a, ba kwana bakwai ba. Haka kuma a ranar 26 ga Janairu, 2017, WordPress ta fitar da zubi na 4.7.2, ta yi shiru na kusan mako guda kafin ta bayyana cewa akwai kafar da ke ba baƙo damar canza rubutun shafi ba tare da kalmar sirri ba. Duk da wannan jinkiri da aka yi domin mutane su sabunta, cikin watan Fabrairu an ɓata rubuce-rubuce fiye da miliyan ɗaya da rabi a kan shafuka daban-daban.

Sai dai adalci ne mu faɗa cewa mafi yawan kafofin da ake ganowa yau a cikin fulogin da riga suke, ba a uwar manhaja ba. Amma abin a haɗe yake, domin sabon fulogin sau da yawa ba ya hawa kan tsohuwar uwa. Wanda ya bar uwa ta tsufa, ya ɗaure 'ya'yan ma ke nan.

MATSALARMU TA DABAN CE

Mutumin da ke Landan ko Jidda, sabuntawa a wurinsa danna maɓalli ɗaya ne. Mu a nan akwai abubuwa da suka sha mana kai. Na farko shi ne takunkumin da Amurka ta ɗora wa Sudan a Nuwamba na 1997. Shekara da shekaru kamfanoni da yawa suna toshe duk wanda ya leƙo daga Sudan, kuma babu hanyar biyan kuɗi ta kati. An sassauta a kan manhajojin sadarwa a Fabrairu na 2015, aka ɗage takunkumin ciniki a Oktoba na 2017, aka cire sunan Sudan daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci a Disamba na 2020. Amma ɗabi'ar da takunkumi ya koya mana ta zauna, wato amfani da manhajar da aka fasa aka raba kyauta.

Nan ne kuskurenmu ya faro. Rigar shafinmu ta kuɗi ce, amma fasasshiya aka samo. Irin wannan ba ta karɓar sabuntawa daga masu ita, wani lokaci ma wanda ya fasa ta ya riga ya dasa tasa ƙofar a ciki. Tun daga zubi na 3.7 a Oktoba na 2013, WordPress takan sa ƙananan gyare-gyaren tsaro da kanta ko mai shafi yana barci. To, wata rana aka yi sabuntawa sai fasasshiyar rigar nan ta hargitse, yaronmu ya ga mafita ita ce ya kashe sabuntawar gaba ɗaya. Da bai kashe ba, da shafin ya ci gaba da toshe kafofin uwarsa duk tsawon watannin da ba mu nan.

Na biyu shi ne ɗaukewar shabaka. An yanke intanet fiye da wata guda bayan 3 ga Yuni, 2019. An sake yankewa fiye da mako uku bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba, 2021. Sannan ga na 2024, wanda a wurare da yawa na Jazira ya ɗauki watanni, sai dai mutum ya biya kuɗi ya yi 'yan mintoci a Starlink. Darasin shi ne, mu a ƙasar nan dole mu gina shafi da tunanin cewa wata rana za a bar shi shi kaɗai na tsawon lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

YADDA AKE YI BI DA BI

Ga tsarin da muka koma bi, muna fatan zai amfani masu kula da shafukan ƙungiyoyinmu.

Da farko, kwafin ajiya. Kada a taɓa komai sai an kwafe abu biyu, fayilolin shafi da rumbun bayanai. Wanda ya kwafi ɗaya ya bar ɗaya, kamar wanda ya tsira da ƙofa ne ya bar ɗaki. A sauke kwafin, kada a bar shi a kan sabar da shafin yake, domin in an shiga shafi an shiga har da shi.

Na biyu, a duba lafiyar shafi. Tun daga zubi na 5.2 a Mayu na 2019, WordPress tana da wani sashe a allon gudanarwa da ke nuna abin da ya tsufa. A kula musamman da PHP, wato harshen da manhajar ke gudana a kansa. Zubi na 7.4 na wannan harshe an daina gyara shi tun Nuwamba na 2022, kuma daga wajen kamfanin masauki ake canza shi.

Na uku, a share duk fulogin da riga da ba a amfani da su, domin ko a kashe suke fayilolinsu suna nan, ana iya bi ta kansu. Fasassu kuwa a fitar da su duka, a ɗauki na kyauta daga rumbun WordPress na asali. Gara riga marar ado da mai ado wadda ɓarawo ya ɗinka.

Na huɗu, a sabunta fulogin da suka rage ɗaya bayan ɗaya, ana leƙa shafi bayan kowane, sannan a danna sabunta uwar manhaja. Kada a ji tsoron cin data, domin sabar ce ke jawo fayilolin kai tsaye, ba ta wayarka suke bi ba. Amma a zaɓi lokacin da shabaka ta zauna kuma waya na da caji, kada a rufe allo sai an ga saƙon kammalawa. In manhajar ta nemi a sabunta rumbun bayanai, a amince.

Na biyar, in aka samu tangarɗa kada a firgita. Lokacin sabuntawa WordPress takan ajiye wani ɗan fayil mai suna .maintenance wanda ke rufe shafi na ɗan lokaci, in aiki ya katse ana iya share shi ta allon kamfanin masauki a sake gwadawa. In kuma wani fulogin ya kayar da shafi, manhajar takan aika wasiƙa zuwa imel ɗin mai gudanarwa da hanyar shiga a kashe mai laifin. Saboda haka wajibi ne imel ɗin nan ya zama mai rai, ba na wanda ya bar ƙungiya tun tuni ba. Wanda ya ƙware yana iya sabuntawa da hannu, ya maye gurbin jakar wp-admin da wp-includes da sababbi, amma ya kiyayi jakar wp-content da fayil ɗin wp-config.php, domin a nan kayansa da makullinsa suke.

Na shida, a bar sabuntawa mai yin kanta a kunne. Tun daga zubi na 5.5 a Agusta na 2020, har fulogin da riga ana iya sa su su riƙa sabunta kansu. Wannan shi ne mai gadin da ba ya gudun hijira.

Ga masu amfani da sauran manhajojin kuwa akwai gargaɗi. Joomla 3 an daina kula da ita tun 17 ga Agusta, 2023, Drupal 7 kuma tun 5 ga Janairu, 2025. Duk shafin da ke kan ɗaya daga cikinsu, gyaran kyauta daga masu ita ya ƙare masa, sai ƙaura zuwa sabon zubi, kuma wannan aiki ne na wanda ya sani. Haka nan shafin da aka riga aka shiga, sabuntawa kaɗai ba ta korar ɓarawo, domin yakan bar wa kansa ƙofar baya. Sai an share komai, a kafa sabuwar manhaja, a dawo da kwafin da aka tabbatar da tsabtarsa, a canza dukkan kalmomin sirri.

AIKIN GAYYA NE

Babban kuskurenmu ba na kwamfuta ba ne, na tsari ne. Mun ɗora wa yaro ɗaya kayan gari guda. Shi ke da kalmar sirri, shi ya san kamfanin masauki, shi ya san ranar da kuɗin haya da na sunan shafi ke ƙarewa. Alhali kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yanzu mun mai da makulli hannun mutum uku, ɗaya a gida, ɗaya a wani gari, ɗaya a ƙasar waje cikin 'yan'uwanmu da ke Saudiyya, domin in shabaka ta ɗauke a nan wani yana iya leƙawa daga can. Mun kuma ajiye kwafi a wuri uku, mun rubuta ranakun biyan kuɗi a littafin ƙungiya kamar yadda ake rubuta kuɗin adashi. Kowane farkon wata sai an karanta a taro cewa an duba shafi, an sabunta, an ɗauki kwafi.

Muna kira ga dattawanmu da kada su ce wannan harkar yara ce. Ba sai mutum ya iya kwamfuta ba kafin ya tambayi mai kula da shafi abu uku: yaushe ka sabunta, ina kwafin yake, kuma wa ke da makulli ban da kai? Duk shugaban ƙungiyar da ke yin waɗannan tambayoyi sau ɗaya a wata ya yi rabin aikin. Muna kuma kira ga matasanmu da suka karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Jazira da Jami'ar Sannar da su koya wa na bayansu, maza da mata, domin ilmin ya yaɗu.

Kakanninmu sun ɗauko littattafansu a gafaka, suka ratso Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan da ƙafa, wasu shekara da shekaru a hanya, ba su yar da su ba. Mu da aka sauƙaƙa wa, abin da ake nema gare mu bai wuce rabin awa a wata ba. Dattijon nan da muka ambata, da aka sake tayar da shafin aka kunna masa muryar yayansa daga kwafin Bur Sudan, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya juya ga yaron ya ce, "Ɗana, wannan karon ka koya wa ƙannenka inda makullin yake."

Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa a ƙasarmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.